Cibiyar ji ta farko: inda ƙwaƙwalwa ke rarraba abin da kunne ya kawo

Daga kowane kunne jijiya ɗaya ce ke kai sauti ƙwaƙwalwa, kuma a cikinta akwai siraran zaruruwa kimanin 30,000. Duk abin da mutum ya taɓa ji tun haihuwarsa, kiran salla ne, kukan jariri ne, tsawa ce ko raɗa, ta waɗannan zaruruwan ya bi. Dukkansu kuma wuri guda suke ƙarewa, babu wanda ke tsallakewa ya yi gaba. Wurin wani ɗan curin ƙwayoyin jijiya ne a gefen tushen ƙwaƙwalwa, can ƙasa ta wajen ƙeya, inda ƙwaƙwalwa ta fara tsukewa za ta zama lakar baya. Girmansa 'yan milimita ne kawai, ɗaya a dama, ɗaya a hagu. Likitoci na ce masa kokiliya nukiliyos, mu kuma a nan sai mu ce cibiyar ji ta farko.

Littattafan makaranta sukan sallame ta da layi biyu: saƙo ya sauka a nan, ya wuce sama. A ganina an yi mata ƙwauro, domin abin da ya shiga cibiyar ba shi ke fita ba.

Sai an san abin da ke shigowa kafin a gane aikin. Sauti ya kaɗa dodon kunne, 'yan ƙasusuwa uku su miƙa motsin zuwa katantanwar kunne, wani bututu mai ruwa da ya nannaɗe kansa sau biyu da rabi da 'yan kai. A ciki akwai ƙwayoyi masu gashi: na layin ciki, kimanin 3,500, su ne masu aika saƙo, na waje kuma, kimanin 12,000, aikinsu ƙara wa motsin ƙarfi. Bakin bututun siririn sauti yake amsawa, ƙuryarsa kuma sauti mai kauri. Georg von Békésy ne ya nuna haka, ya samu lambar Nobel a kai a 1961. Saboda haka kowane zare a jijiyar yana da sautin da ya fi amsawa. Bayan wannan zaren bai iya komai ba sai harbi, wato ɗan tartsatsin lantarki, kuma kowane harbi kamar ɗan'uwansa yake. Duk labarin da ƙwaƙwalwa za ta samu yana cikin abu uku: wane zare ne ya harba, sau nawa, kuma yaushe.

Da zaren ya shiga cibiyar sai ya rabu biyu. Reshe ɗaya ya yi gaba zuwa ɓangaren ƙasa na gaba, ɗayan ya juya baya ya ratsa ɓangaren ƙasa na baya, ya ƙare a ɓangaren sama. Sassa uku ke nan, kuma a kowanne an sake jera sautuka daga mai kauri zuwa siriri yadda suke jere a katantanwa. Abin da ya bambanta su shi ne masu karɓar saƙon. Kamar manzo ne ya iso fada da labari ɗaya: alƙali ya kama abin da ya shafi shari'a, ma'aji ya riƙe zancen kuɗi, madaki ya ɗauki batun hanya da dawaki. Baki ɗaya ya faɗa, amma kowa da abin da ya tashi da shi.

Santiago Ramón y Cajal na Sifen ya zana ƙwayoyin wannan wuri tun ƙarshen ƙarni na 19, almajirinsa Rafael Lorente de Nó ya ɗora a 1933. Sunayen da aka fi amfani da su yau yawancinsu sun fito ne daga aikin wata masaniya 'yar Nowe, Kirsten Osen, wadda ta rarraba ƙwayoyin a ƙwaƙwalwar kyanwa a 1969. Yana da kyau mai karatu ya riƙe wannan: akasarin abin da aka sani game da cibiyar daga kyanwa da ɓeraye aka samo shi, domin ba a soka allurar awo a tushen ƙwaƙwalwar mutum mai lafiya.

Masu tsaron lokaci

A ɓangaren ƙasa na gaba akwai wasu ƙwayoyi masu gajerun rassa a cukurkuɗe, sun yi gizo. Yadda zaren jijiya ke haɗuwa da su abin kallo ne. A yawancin ƙwaƙwalwa, ƙarshen zare ɗan tsigi ne da ke taɓa reshen ƙwaya, kuma sai ɗaruruwa ko dubbai sun taru kafin ƙwayar ta motsa. A nan kuwa ƙarshen zaren buɗe yatsu yake yi ya damƙe jikin ƙwayar kanta, da ɗaruruwan ƙofofin zuba sinadarin saƙo a damƙa ɗaya. Wani Bajamushe, Hans Held, ya bayyana wannan damƙa a 1893, har yau da sunansa ake kiranta. Wasu daga cikin masu gizon damƙa ɗaya zuwa uku ko huɗu kawai suke karɓa, manya. Idan zaren ya harba, ƙwayar ta harba nan take. Bugu da ƙari fatar ƙwayar na da wasu ƙofofin fotasiyam da ke buɗewa da wuri su zubar da cajin, don kada ragowar harbin farko ta gurɓata na biyu. Ƙwaya ce da aka gina don kada ta yi jinkiri, kada kuma ta riƙe abin da ya wuce.

Me ake yi da wannan tsananin kiyaye lokaci? Kana tsallaka titi, ɗan acaɓa ya danna oda daga hagunka. Kafin ka yi tunanin komai ka riga ka waiga hagu. Sauti na tafiyar mita 343 a daƙiƙa, kan mutum kuma ba wani faɗi gare shi ba, don haka ko daga gefe sosai ƙarar ta fito, tazarar isowarta kunnen hagu da na dama ba ta kai kashi ɗaya cikin dubu na daƙiƙa ba. Idan daga gaba-gaba ta fito, tazarar ta ƙara ƙanƙancewa. A ɗakin gwaji, mai kunne lafiyayye na iya gane bambancin da bai wuce kashi 10 cikin miliyan na daƙiƙa ba. Harbi ɗaya na ƙwayar jijiya kuwa yana cin kusan kashi ɗaya cikin dubu. Wato ƙwaƙwalwa na auna tazarar da ta fi harbinta gajarta ninki ɗari.

Ba a wannan cibiya ake kwatanta kunnuwan biyu ba, sai a zango na gaba, wani gungun cibiyoyi da aka laƙaba wa sunan zaitun saboda siffarsu. Amma mai awo ba ya wuce ingancin abin da aka ba shi, kuma masu gizo ne ke bayarwa. Abin da ya fi ba ni mamaki shi ne binciken da Philip Joris da abokan aikinsa suka fitar a 1994 a Jami'ar Wisconsin: a sautuka masu kauri, harbin waɗannan ƙwayoyi ya fi na jijiyar da ke ciyar da su dacewa da bugun sautin. Kowane zare ɗaya yakan ɗan yi sauri ko ya ɗan makara, wani zubin ma ya tsallake bugu. Ƙwayar da ke sauraron zaruruwa da dama, ba ta harbi sai sun zo tare, tana share wannan kuskuren. Ga wurin da ake ce wa mashiga kawai, ga shi yana gyara abin da aka kawo masa.

Wani rukunin masu gizon kuma saƙonsu ƙetarawa yake yi zuwa ɗaya gefen, ya ƙare a wata damƙar da ta fi ta farko girma, ita ma ta Held, tana cikin mafi girma a duk ƙwaƙwalwa. Wannan hanya ta kwatanta ƙarfin sauti ce: siririn sauti kai yakan tare shi, ya isa kunnen nesa da rauni. Tun 1907 Lord Rayleigh na Ingila ya faɗi cewa da lokaci ake gane inda sauti mai kauri ya fito, siriri kuma da ƙarfi.

Damƙar Held ta farko, wadda ke cikin cibiyar, ba ta ginuwa daidai sai da amfani. David Ryugo da abokansa a Jami'ar Johns Hopkins sun duba fararen kyanwoyin nan da ake haifa kurame, suka tarar damƙarsu ta lalace. Da suka dasa wa 'ya'yan kyanwoyin na'urar ji a katantanwa suna ƙanana, bayan wata 3 haɗin ya koma kusa da na masu ji. A 2005 suka wallafa wannan, kuma yana cikin dalilan da ke ƙarfafa maganar likitoci cewa yaron da aka haifa kurma, taimakon wuri ya fi na jinkiri.

A ɓangaren ƙasa na baya akwai wasu ƙwayoyin da aka laƙaba wa sunan oktofus, dabbar tekun nan mai hannuwa takwas, saboda kaurarrun rassansu duk gefe ɗaya suka miƙe. Rassan sun gitta zaruruwa da yawa, fiye da 60 a ɓera, daga sirara zuwa masu kauri. Ba ruwansu da doguwar ƙara. Sai zaruruwa da yawa sun harba a lokaci guda, kamar a tafi, ko bugun ganga, ko fashewar farkon harafi irin ƙ da t, sannan su harba sau ɗaya su yi shiru. Akwai wata matsala a nan da Donata Oertel da ɗalibanta suka warware. A katantanwa, motsi yakan fara taɓa wurin siraran sautuka, sai bayan 'yan kashi cikin dubu na daƙiƙa ya kai wurin masu kauri, don haka ƙarar da ta tashi lokaci guda a rarrabe take isowa. Sai ga shi zaruruwan da suka riga iso a can ƙarshen reshe suke sauka, nesa da jikin ƙwayar, masu makara kuma a kusa. Tafiyar cikin reshen ta cinye tazarar, duka suka iso tare.

Rukuni na uku, masu siffar tauraro, ba su damu da bugun sauti ɗaya-ɗaya ba. Harbi suke jerawa a kan kari nasu, yawansa na ƙaruwa da ƙarfin sautin da aka ba su tsaro. Jimillarsu ce ke nuna siffar sauti, wane yanki ya yi ƙarfi, wane ya yi rauni, abin da ke raba wasalin a da na i. An nuna a kyanwa cewa suna riƙe wannan siffa ko an ɗaga murya ko an sauke, alhali yawancin zaruruwan jijiya sukan cika su tumbatsa idan ƙara ta yi yawa.

Ɓangaren da ke sauraron jiki

Ɓangaren sama daban yake. Hawa-hawa aka shimfiɗa shi, da tsari irin na ƙaramar ƙwaƙwalwar ƙeya mai daidaita motsi. Manyan ƙwayoyinsa masu siffar mazari ne, da rassa a kai biyu. Na ƙasa suna karɓar saƙon kunne. Na sama kuwa abin da suke karɓa ba sauti ba ne: labarin fatar fuska ne, da muƙamuƙi, da wuya, da matsayin kai, wanda wasu ƙananan ƙwayoyi masu ɗimbin yawa ke tattarowa.

Me ya kawo labarin wuya cibiyar ji? Amsa ta farko daga kyanwa ta zo. Lanƙwashe-lanƙwashen fatar kunne ta waje suna danne wani ɗan yanki na siririn sauti, kuma yankin na sauyawa gwargwadon ko daga sama ƙarar ta fito ko daga ƙasa. Eric Young da abokansa sun nuna masu siffar mazari na gane wannan giɓi. To amma kyanwa na juya kunnenta, giɓin kuma ya motsa tare da shi, don haka dole mai karanta giɓin ya san inda kunnen ya fuskanta.

Amsa ta biyu ta fi faɗi. Jiki na cike da ƙarar kansa: tauna, haɗiya, numfashi, takun ƙafa. A kogunan Neja da Kwango akwai wani kifi mai doguwar haɓa da ke fitar da raunanan lantarki yana laluben hanya da shi a ruwa mai duhu. Ba minjirya ba ce, nasa bai kai ya girgiza kowa ba. An daɗe da sanin cewa wani sashe na ƙwaƙwalwarsa, mai tsari irin wannan, yana koyon share lantarkin da kifin ya fitar da kansa don ya ji na abin da ke waje. A 2017, ɗakin binciken Nathaniel Sawtell a Jami'ar Columbia ya nuna makamancin haka a ɓera: ƙwayoyin ɓangaren ƙasa na amsa ƙarar lasar ruwan da ɓeran ke yi, na ɓangaren sama kuwa sun yi biris da ita, suna amsa ta waje. Da aka toshe hanyar da ke kawo labarin baki da harshe, sharewar ta gushe.

Nan ne maganar ƙarar kunne ke shigowa. Wanda ya daɗe a gidan injin niƙa, ko ya kwana kusa da lasifikar biki, ya san wannan siririn kuka da ke zama a kunne bayan an kashe komai. Ga wasu ba ya tafiya har abada. A dabbobin da aka lalata wa ji da ƙara, James Kaltenbach da wasu sun tarar masu siffar mazari na harbi fiye da ƙima ba tare da wani sauti ba. Saƙon kunne ya ragu, sai cibiyar ta ƙara wa kanta ƙarfin karɓa, hanyar jiki kuma ta samu fili. Wannan ya dace da abin da masu lalurar da yawa suka sani: in suka cije haƙora ko suka murɗa wuya, ƙarar takan sauya. A kan wannan Susan Shore ta Jami'ar Michigan ta gina wata na'ura mai haɗa ɗan sauti a kunne da ɗan tsikarin lantarki a kumatu ko wuya, da tazarar da aka auna, minti 30 a rana. An gwada ta a ɓeran Masar da mutum 20 a 2018, sannan a mutum 99 a 2023, aka ga ƙarar ta ragu ga da yawansu. Sauƙi ne, ba warkewa ba. Kuma ni ina ɗan ja da baya idan aka ɗora duk laifin ƙarar kunne a kan wannan ɓangare, domin a mutum hawa-hawan nasa ba su fito sarai kamar na kyanwa ba, sannan an ga sauye-sauye a cibiyoyin da ke sama da shi.

Saƙonni na barin cibiyar ta hanyoyi uku, yawancinsu su ƙetara zuwa ɗaya gefen. Daga nan zuwa sama kowane ɓangare na ƙwaƙwalwa na jin kunnuwa biyu. Shi ya sa wanda ya samu shanyewar ɓarin jiki daga can saman ƙwaƙwalwa ba kasafai yake kurumcewa a kunne ɗaya ba. In kunne ɗaya ya mutu ɗungurungum, likita a katantanwa, ko jijiya, ko wannan cibiya zai nemi matsalar.

Idan jijiyar ce ta tafi

Na'urar da ake dasawa a katantanwa tana bukatar jijiya mai rai. Akwai wata cutar gado da ke tsiro da ƙari a jijiyoyin ji na dama da hagu, cire ƙarin kuma sau da yawa yakan tafi da jijiyar. A 1979, a birnin Los Anjalis, likitoci biyu, William House da William Hitselberger, suka ɗora 'yan wayoyin lantarki kai tsaye a kan cibiyar ji ta farko ta wata mata mai wannan cuta, ta kuwa ji ƙara. Hukumar magunguna ta Amurka ta amince da na'urar a 2000. Ta yanzu ɗan faifai ne mai tsawon 'yan milimita, da maɓallan aika lantarki 12 ko 21, gwargwadon kamfani. Vittorio Colletti na Berona a Italiya ya faɗaɗa aikin zuwa yaran da aka haifa ba jijiyar ji, ana kuma yi wa wasu da sanƙarau ya mayar da katantanwarsu ƙashi.

Yawancin waɗanda aka yi wa suna jin ƙwanƙwasa ƙofa da odar mota, karanta leɓe kuma ya yi musu sauƙi, amma kaɗan ne ke gane magana ta waya. Bayanin da ya gabata ya isa ya nuna dalili. Faifan a sama yake kwance, jerin sautukan kuma cikin nama ya nutsa. Lantarkin na tayar da masu gizo da masu tauraro da masu mazari gaba ɗaya, alhali kowanne da irin harbinsa. Ga maƙwabta kuma, jijiyoyin fuska da maƙogwaro, har sai an kashe wasu maɓallan saboda suna sa tsikari ko jiri. An gwada mai allurai da ke shiga ciki, gane magana bai ƙaru ba.

Shawarar jarirai

Inda wannan cibiya ta fi shafar gidajenmu shi ne ciwon shawara. Idan sinadarin bilirubin, mai sa idon jariri ya yi ɗorawa, ya hau sosai a kwanakin farko, yakan ratsa cikin ƙwaƙwalwa, kuma cibiyoyin ji na tushen ƙwaƙwalwa suna cikin wuraren da ya fi saurin ɓatawa. A Afirka ta Yamma akwai ƙarin haɗari, domin wani rashin sinadarin jini na gado, G6PD, ya yawaita, kuma kafur da ake sa wa a kayan jariri na iya farfasa jinin mai wannan hali. Binciken Bolajoko Olusanya a Legas ya sa shawara mai tsanani cikin manyan abubuwan da ke jawo wa jarirai raunin ji.

Illar tana da ɓoyewa. Katantanwa na iya zama lafiya lau. Yaron na iya firgita in an buga ƙofa, iyaye su ce ai yana ji. Amma harbin zaruruwan ya daina zuwa tare, kuma mun ga yadda aikin cibiyar ya rataya a kan lokaci. Ƙara na shiga, magana ba ta rarrabuwa, musamman cikin hayaniya. Arnold Starr da abokansa suka ba wannan lalura suna a 1996, auditory neuropathy, wato ciwon jijiyar ji.

Gwajin jin jarirai iri biyu ne. Na farko, wanda ya samo asali daga binciken David Kemp a Landan a 1978, ɗan toshi ne da ake sa wa a kunne ya saurari amsa-kuwwar ƙwayoyin gashi na waje. Yana da sauri da araha, amma a katantanwa ya tsaya, don haka yaron da shawara ta taɓa wa jijiya na iya haye shi. Na biyu, wanda Don Jewett ya bayyana a farkon shekarun 1970, shi ke leƙa tushen ƙwaƙwalwa. Jariri ya sha nono ya yi barci, a manna masa 'yan faifai a goshi da bayan kunne, a riƙa aika masa ƙas-ƙas-ƙas sau ɗaruruwa, kwamfuta na tara amsar. A allo sai tuddai biyar su fito, duka cikin kashi 10 cikin dubu na daƙiƙa. Biyun farko na jijiya ne, na uku kuma yawancinsa daga wajen cibiyar ji ta farko yake tasowa. In harbin ya warwatse, tuddan su makara ko su baje.

Jaririn da shawararsa ta kai ga sauya masa jini, wannan gwaji na biyu ne ya dace da shi, ko da ya haye na farko. Sakamakon farko kuma ba hukunci ba ne: a wasu jariran tuddan sukan dawo bayan an sauke bilirubin da fitila ko sauyin jini, wani lokaci sai bayan watanni, shi ya sa ake maimaita gwajin kafin a yanke shawarar sa na'ura.